Albarka da Sallama: Muridi a Wajen Cinikin Mota Mai Tsada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki ya haramta cin kuɗin ruwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka san shi da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka. Duk wanda ya zauna a bakin babbar hanyar da ta ratsa Dogon Dutsi, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Kore Mairuwa ta nufi Birnin Ƙonni, zai ga motocin alfarma suna gilmawa, irin su Prado da babbar Land Cruiser wadda jama'a suka saba kira V8. Wasu na gwamnati ne, wasu na ƙungiyoyi, wasu kuwa na 'ya'yan ƙasar Arewa ne waɗanda Allah ya buɗa musu ƙofar kasuwa, ta hanyar wake da gyaɗa da dabbobi da hajar da ake kai da kawowa tsakanin Nijar da Nijeriya. A cikinsu akwai 'yan'uwa a ɗariƙa, masu lazimi safe da yamma, waɗanda ba a rasa su a da'irar wazifa.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah ya yi niyyar sayen sabuwar mota gal, wadda kuɗinta ya kai gomman miliyoyin sefa, sai magana ta tashi a majalisa bayan an shafa Fatiha. Wasu su ce bai dace da muridi ya zauna yana ja-in-ja a kan farashi ba, domin wannan alama ce ta kwaɗayin duniya. In zai saya ya biya abin da aka faɗa ya tashi. Wasu su ce kasuwa fagen fama ce, zikiri yana zawiya, ciniki yana kanti, kowa ya yi sanyi a cuce shi. Ɓangarorin nan biyu kowa ya riƙi gefe guda na gaskiya ya saki ɗayan. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamarsu ta fi mota girma: mene ne farashi mai kyau a wurin mutumin da ke neman yardar Allah, kuma a kan wa ya halatta ya matsa?

Mota ba laifi ba ce

Ya kamata a fara kawar da shubuha guda. Alƙur'ani mai girma, a farkon Suratun Nahli, ya lissafa dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imomin Allah, ya ambaci cewa an halicce su domin hawa da kuma ado, sannan ya yi nuni da cewa Allah yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Malamai da yawa na wannan zamani sun shigar da mota da jirgi a ƙarƙashin wannan nuni. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa da Manzon Allah (SAW) ya tsoratar a kan girman kai, wani mutum ya tambaye shi game da wanda ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai ya bayyana masa cewa Allah yana son kyau, kuma girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Shehu Ahmadu Tijjani (RA), wanda ya yi wafati a Fas a shekarar 1815, ya gina tarbiyyarsa a kan shukura. Bai umarci almajiransa su bar sana'a su shiga kogo ba. Kafinsa ma an hakaito cewa Shehu Abul Hasan Shazili (RA) yakan sa tufafi masu kyau, har wani mai sanye da tsumma ya yi masa inkari. Shehun ya nuna masa cewa tufarsa tana gaya wa mutane ba ya bukatar abin hannunsu, tsumman kuwa roƙonsu yake yi ba da baki ba. Saboda haka ɗan kasuwar da ke kwana a hanya tsakanin Tibiri da Yamai, ko yake shiga rairayin Dallol Mauri da damina, in ya sayi mota mai ƙarfi da halalinsa babu wanda zai ce ya fita daga tafarki.

Sai dai akwai wani hawan da Alƙur'ani ya ba da labarinsa a Suratul Ƙasasi, wato fitar Ƙaruna a gaban mutanensa cikin adonsa, har masu son duniya suka yi burin su sami irin abin da ya samu. Motar shukura da motar Ƙaruna kamfani ɗaya ne yake ƙera su. Mai ita ne kaɗai ya san wadda ya hau, shi da Ubangijinsa. Kuma wurin da abin yake fara bayyana shi ne teburin ciniki, tun kafin a miƙa makulli.

Abin da harshen kasuwa yake faɗa

Hausawa sun gaji kalmomin ciniki da suka cancanci a tsaya a dube su. Mai saye yana tayawa. Idan tayin bai kai ba, mai kaya ba ya cewa "a'a", sai ya ce "albarka". Idan ya kai, sai ya ce "na sallama". Bayan an auna, sai a nemi "gyara", wato ɗan ƙarin da ake zubawa a kan mudu ko tiya. Daga nan a rabu da addu'a, wannan ya ce Allah ya amfana, wancan ya ce Allah ya ba da kasuwa.

Magabatan da suka bar waɗannan kalmomi sun sa addini a bakin ɗan kasuwa ko da bai shiga makaranta ba. Ƙin tayi da kalmar albarka yana nufin ba a rufe ƙofa ba, ba a kuma wulaƙanta mai tayi ba. Sallama kuwa 'yar'uwar taslimi ce, kalmar da masu tarbiyya suka fi kowa sanin nauyinta, wato sakin abu da zuciya ɗaya ba tare da waiwaye ba. Gyara yana nuna cewa ma'auni, kome cikarsa, yana iya barin wani ɗan rami a zuciyar ɗayan biyun, sai a cike shi da kyauta. Wanda ya fahimci kalmomin nan uku ya san cewa manufar ciniki ita ce mutum biyu su kai ga yarda. Wannan ne sharaɗin da Suratun Nisa'i ta gindaya wa cin dukiyar juna, cewa ya zama ta hanyar fatauci da yardar ɓangarorin biyu.

Raƙumin Jabir

Wanda ya ce tayi bai dace da mutumin Allah ba, ya duba ƙissar Jabir ɗan Abdullahi (RA), wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Suna kan hanyar dawowa Madina daga wata fita ta yaƙi, raƙumin Jabir ya gaji ya koma bayan ayari. Manzon Allah (SAW) ya zo ya zaburar da shi, raƙumin ya miƙe yana wuce na gaba. Sai ya nemi Jabir ya sayar masa. Jabir ya ce ya ba shi kyauta, Annabi (SAW) ya ƙi, ya ce sai dai saye. A wata ruwaya an nuna cewa ya fara tayi daga dirhami ɗaya, Jabir yana ƙi, yana ƙarawa, har suka tsaya a kan uƙiya. Jabir ya sa sharaɗin zai hau shi har gida, aka yarda.

Da suka isa Madina, Jabir ya kawo raƙumi ƙofar masallaci. Annabi (SAW) ya umarci Bilal (RA) ya auna masa kuɗinsa ya kuma ƙara masa. Da ya juya zai tafi, aka kira shi aka ce ya tafi da raƙuminsa da kuɗinsa gaba ɗaya. Jabir saurayi ne da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu, ya bar masa ƙanne mata da bashi. Shugaban halitta ya san halin da yake ciki, ya so ya taimake shi ta hanyar da ba za ta sa ya sunkuyar da kai ba, sai ya bi ta ƙofar ciniki. Wannan ƙarin da Bilal ya zuba, wanda Bahaushe zai kira gyara, Jabir ya adana shi a jakarsa shekaru da yawa yana neman albarkarsa, har aka ƙwace shi a ranar yaƙin Harra, shekara ta 63 bayan hijira.

Imamu Suhaili ya ciro wata ishara mai zurfi daga wannan ƙissa. Allah ya faɗa a Suratut Tauba cewa ya sayi rayukan muminai da dukiyoyinsu da Aljanna. Shi ya halicci ran, shi ya saye shi, ya biya, ya yi ƙari, sannan ya mayar wa shahidai rayukansu suna rayayyu a wurinsa. Abin da aka yi wa mahaifin Jabir a can, shi aka kwatanta wa ɗansa a nan da raƙumi. Ke nan tayi yana cikin sunna, amma wanda ya yi shi ya yi ne hannunsa a buɗe.

A kan wa ake matsawa?

Hujjatul Islam Imamu Gazali (RA), wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya keɓe babi a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan ladubban neman abinci. A ciki ya raba mu'amala gida biyu: adalci, wanda shi ne wajibi, da ihsani, wanda shi ne ribar mai neman lahira. Da ya zo kan mai saye, sai ya bambanta tsakanin mutum biyu. Idan ana saye a hannun talaka ko mai rauni, abin yabo ne mai saye ya yarda a ɗan ci shi, ya yi sauƙi. Idan kuwa a hannun attajirin ɗan kasuwa ne mai neman ribar da ta wuce bukatarsa, to yarda a cuce ka ba abin yabo ba ne, tozarta dukiya ce wadda babu lada babu godiya. Ya kawo cewa Sayyidina Hasan da Sayyidina Husaini (RA) da wasu zaɓaɓɓun magabata sukan tsananta bincike a wajen saye, sannan su yi kyautar dukiya mai yawa. Da aka tambayi ɗayan magabatan dalili, ya nuna cewa mai kyauta falalarsa yake bayarwa da saninsa, wanda aka cuta kuwa hankalinsa aka raina.

Wannan ma'auni ya warware gardamar majalisa. Kamfanin da ke sayar da sababbin motoci a Yamai, ko dilan da ke shigo da su daga Dubai ko Turai, ya san kuɗin da ya sayo, ya san kuɗin fito da na duwan, ya san ribar da ya ɗora, yana da akawu da lauya. Ba yunwa ce ta fito da shi ba. Muridin da ya zauna a gabansa ya taya, ya nemi ragi, ya tashi ya je wani wuri ya gwada, bai yi abin kunya ba. Dukiya amana ce a hannunsa, kuma Hausawa sun ce rashin tayi akan bar araha.

Abin baƙin ciki shi ne yadda aka juya ma'aunin nan a kife. A ɗauki misalin wani Alhaji da ya shiga ɗakin baje kolin motoci, sanyin na'ura yana kaɗa shi, an kawo masa ruwa, saurayi mai taye yana ce masa "ranka ya daɗe". Aka faɗi farashi. Zuciyarsa ta so ya taya, amma yana tsoron a ce ƙarfinsa bai kai ba, sai ya ce a rubuta. Ya bar miliyoyi a kan tebur domin kada yaron kanti ya raina shi. Bayan mako guda, ranar kasuwa, ya tsaya da sabuwar motar a gefen wata tsohuwa da ta kawo man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga ƙauye a ƙafa. Ya sauke gilashi ya ce, "Inna, nawa kwalba?" Ta faɗa. Ya ce, "Haba Inna, ai man nan bai yi kyau ba, rage dala ashirin." Ta ce, "Albarka, Alhaji." Ya fara ɗaga gilashi. Ta dubi rana ta ga ta karkata, ta tuna ba a ɗora tukunya a gida ba, ta ce, "Kawo."

Wannan tsohuwa ba ta ce "na sallama" ba, kuma ko ta faɗa, harshenta ne ya faɗa. Yardar da yunwa ta matso daga bakin mutum tana iya wadatar da alƙali, domin shi zahiri yake hukunta wa. Mai neman ihsani kuwa ya san Wanda yake kallonsa. Alhajin nan ya yi sauƙi a inda ya kamata ya tsananta, ya tsananta a inda ya kamata ya yi sauƙi, kuma abu guda ne ya jawo duka biyun: son girma a idon wanda yake ganin ya fi shi, da raina wanda yake ganin bai kai shi ba. Rabin ma'anar girman kai ke nan kamar yadda hadisin Muslim ya fassara shi.

Abin ya fi tsanani da kaka. Manomin Matankari ko Dankasari ko Dumega yakan fitar da wake da gero a lokacin da kowa ke fitarwa, farashi a ƙasa, domin bashi da biki da magani ba sa jira. Shi ne kuma zai dawo ya sayi geron da tsada idan rumbu ya ƙare kafin sabon amfani ya nuna. Sau da yawa daga tsakanin farashin nan biyu ake tara kuɗin mota. Saye da kaka da ajiyewa ba haramun ba ne a kan kansa matuƙar bai kai ga ɓoye abinci a lokacin da jama'a ke cikin ƙunci ba. Amma wanda ya kushe waken manomi alhali ya san mai kyau ne, ko ya danna tiya ya cika ta har tana zuba in zai saya, ya shafe bakinta in zai sayar, ya tuna da abin da Annabi Shu'aibu (AS) ya hana mutanen Madyana na tauye wa mutane kayansu, ya kuma tuna da farkon Suratul Muɗaffifina.

Dokin Jarir da buhun Sariyyu

Mai karatu zai iya kawo ƙissar Jarir ɗan Abdullahi Albajali (RA) ya ce ai ta saɓa wa halaccin neman ragi. Imamu Nawawi ya ambace ta a sharhinsa na Sahihu Muslim. Baran Jarir ya tayo masa doki a kan dirhami 300, ya zo da dokin da mai shi domin a biya. Jarir ya dubi doki ya ce wa mai shi dokinsa ya fi haka, ko zai sayar a 400? Ya yi ta ƙarawa ɗari-ɗari, mai doki yana yarda, har ya kai 800 ya biya. Da aka yi masa magana, ya ce ya yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a kan yi wa kowane musulmi nasiha.

Babu saɓani. Mai dokin bai san darajar abin da ke hannunsa ba, Jarir kuwa gwanin dawaki ne, ya sani. Da ya yi shiru, da jahilcin ɗan'uwansa ya ci. Kamfanin mota ba ya cikin wannan hali. Wanda yake cikinsa shi ne, misali, matar da mijinta ya rasu ya bar mota, ta fitar da ita domin a raba gado, ba ta san kuɗinta ba, ta ce wa abokin marigayin ya faɗi abin da ya ga ya dace. Malaman Malikiyya suna kiran irin wannan cinikin istirsali, wato wanda ɗaya ya miƙa wuya ga amanar ɗayan, kuma sun tsananta a kan cutar da mai irin wannan hali. A nan ne ake bukatar Jarir.

Imamu Gazali ya kuma kawo labarin Sariyyus Saƙaɗi (RA), kawun Imamu Junaidu kuma shehinsa, wanda ɗan kasuwa ne a Bagadaza. Ya sayi lauzu na dinari 60, ya rubuta a littafinsa cewa ribarsa dinari 3 ce. Farashi ya tashi ya kai 90. Dillali ya zo saye, Sariyyu ya ce 63. Dillalin, wanda shi ma salihi ne, ya ce ai kaya sun kai 90. Sariyyu ya ce ya riga ya ƙulla niyya ba zai warware ba. Dillali ya ce shi ma ya yi wa Allah alkawarin ba zai cuci musulmi ba, ba zai karɓa ba sai a 90. Haka suka rabu, wannan bai sayar ba, wancan bai saya ba. Shari'a ba ta wajabta wa kowa wannan matsayi ba. An kawo shi ne domin muridi ya ga inda mazaje suka kai, ya san cewa akwai kasuwar da kowane ɗaya yake tsaron haƙƙin ɗayan.

Iyakokin tayi

To idan neman ragi a wurin mai ƙarfi halal ne, da wane makami? Makami na farko shi ne sani. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya ga motar da idonsa, ya tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya, ya san abin da ke cikin kuɗin da abin da ba ya ciki: duwan, takardu, inshora, garanti, da inda za a sami kayan gyara. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da suka saba biyowa daga tashar Kwatano ta gadar Malanbil da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙaru, kuɗin ɗauko kaya ya ƙaru. Wanda ya san wannan ba zai zargi mai kaya da zalunci a kan abin da ba laifinsa ba, ba kuma za a fake da hanya a ɗora masa abin da ya wuce ƙima ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Makami na biyu shi ne haƙuri da iya tashi. Wanda zuciyarsa ta riga ta shige cikin motar tun kafin ya zauna, an gama da shi, domin mai kaya yana karanta fuska. A nan tarbiyya take amfanin mai ita ko a kasuwa: wanda ya saba da cewa samu da rashi duk daga Allah suke, yana iya cewa "a bar shi" ya miƙe ba tare da ransa ya ɓaci ba. Zuhudun da ake zaton zai sa a cuce shi, shi ne yake hana a cuce shi.

Abin da ba ya halatta kuwa sananne ne. Kada ya ce an sallama masa a wani wuri a kan kaza alhali ba a yi ba. Kada ya ce wallahi iyakar abin da ke hannunsa ke nan alhali ya san da saura. An ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka. Kada ya ƙirƙiro wa mota aibin da ba ta da shi. Kada ya shiga cinikin da ɗan'uwansa ya riga ya kusa ƙullawa. Idan akwai dillali a tsakani, la'adarsa ta zama sananniya, kada ya ci ta gaba ya ci ta baya kowane ɓangare yana zaton nasa ne. Kada a rubuta rasit na ƙarya domin a rage kuɗin duwan, a kira wannan ragi. Idan ta hanyar banki za a saya da tsarin murabaha, ya tabbata bankin ya mallaki motar kafin ya sayar masa, domin kada a sake wa kuɗin ruwa suna kawai.

Wani zai ce kamfani ba mutum ba ne, ba ya jin ciwo, wataƙila ma masu shi ba musulmi ba ne, to mene ne laifin ƙaramar ƙarya? Amsa ita ce gaskiya sifar mai magana ce, ba ta canzawa da canzawar wanda ake yi wa magana. Harshen da ya yi istigfari da salati da hailala da asuba, shi ne dai ake cinikin da shi da hantsi, ba a sauya shi a ƙofar kanti. Hadisin Hakimu ɗan Hizam (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ya rataya albarkar ciniki a kan abu biyu, gaskiya da bayyanawa, ya kuma rataya shafewarta a kan ƙarya da ɓoyewa, kuma ya haɗa mai saye da mai sayarwa a hukunci ɗaya. Wanda ya sami ragin miliyan da ƙarya ya san adadin abin da ya samu, amma bai san adadin abin da aka cire masa ba.

Kafin tayi da bayansa

Akwai tambayar da ta riga tayi: kuɗin nan na wane ne? Idan akwai lebura da bai karɓi ladansa ba, ko manomin da aka ɗauki wakensa aka ce sai an dawo daga Nijeriya, ko zakkar bana da ba a fitar ba, to wani yanki na motar ba na Alhaji ba ne. Annabi (SAW) ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Motar hawa ba a fitar mata da zakka, don haka ya kamata mai ita ya tabbatar haƙƙin talakawa ya fita daga kuɗin kafin su zama ƙarfe.

Akwai kuma tambayar da ke biyo baya: ragin da aka samu, ina ya tafi? A nan ake gane wanda ya taya domin tsare amana da wanda ya taya domin rowa. Jikokin Annabi (SAW) sun tsananta a ciniki sannan suka buɗe hannu. Wanda Allah ya ba shi sa'a ya rage wani abu daga farashin mota, ga rijiyar unguwa da ta lalace, ga almajiran zawiya, ga ɗalibin da ya ci jarrabawa ya rasa kuɗin zuwa Dosso ko Yamai. Motar ma kanta tana da gyaran da za ta bayar: mai naƙuda da dare, gawar da za a kai ƙauye, tsofaffin da ke son zuwa Maulidin Kiyota ba su da kuɗin mota. Idan kujerunta sun fi ƙarfin ƙurar ƙafar talaka, mai ita ya sake duba niyyarsa.

Bukhari ya ruwaito daga Jabir, mai raƙumin nan dai, cewa Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa mutum rahama idan ya kasance mai sauƙi in ya sayar, mai sauƙi in ya saya, mai sauƙi in ya nemi haƙƙinsa. Sauƙin nan ba wauta ba ne. Mai shi yana iya zama awa biyu yana tayi a kamfani, fuskarsa a sake, bai yi ƙarya ba, bai wulaƙanta yaron kanti ba, in an daidaita ya gode, in ba a daidaita ba ya yi sallama. Shi ne kuma zai tsaya a gaban mai man gyaɗa ya biya abin da ta faɗa, ya bar mata canji. Farashi mai kyau a wurinsa shi ne wanda aka kai gare shi da gaskiya, wanda mai kaya ya sallama da zuciyarsa, kuma wanda ba zai ji nauyin a karanta masa shi ba ranar da za a buɗe littattafai.

Ranar da aka miƙa masa makulli ya zauna a mazaunin direba, sunna ta koya masa addu'ar hawa, wadda aka ciro daga Suratuz Zukhrufi. Farkonta tsarkake Allah ne da ya hore wa bawa abin da ba zai iya horewa da ƙarfinsa ba, ƙarshenta kuwa tunatarwa ce cewa komawa ga Ubangiji ake yi. Wanda ya karanta ta da halartowar zuciya zai tuka motarsa a hankali idan ya shigo gari, ya rage gudu saboda yara da masu amalanke, ya sauke gilashi ya yi wa na ƙasa sallama tun kafin su yi masa.

Allah ya sanya albarka a kasuwar 'yan kasuwa da gonar manoma, ya azurta mawadata da shukura, ya azurta mabukata da wadatar zuci da mafita, ya tsare harsunan muridai daga ƙarya a zawiya da kasuwa, albarkacin Shugaban halitta (SAW). Tsira da aminci su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.